Wayar da Ta Yi Ƙarya da Bakin Inna

Akwai abubuwan da in shekaru suka ja zafinsu yakan ragu, har mutum ya zo yana ba da labarinsu yana dariya. Wannan ba ya cikinsu. Ranar da wata waya ta yi ƙarya da bakin mahaifiyata ba za ta goge daga raina ba har in koma ga Allah. Abokan aikina suna cewa na cika faɗa a kan maganar waya, wai da an fito da sabuwa ana yaba ta sai in hau sama. To, ga inda faɗan ya samo asali.

Ni ce auta a gidanmu. Bayan rasuwar mahaifinmu daga ni sai Inna muka rage a gidan da ke unguwar Fadaman Mada a Bauchi, sauran duk aure da aiki sun watsa su. Kwamfuta na karanta, ina koyarwa a wata ƙaramar cibiya da ba ta da nisa da gida. Tun ina yarinya hannuna ba ya zama lafiya. Rediyo, tocila, agogon bango, babu wanda ban kwance ba don in ga abin da ke ciki, kuma na sha duka a kai. Inna takan ce da namiji ce ni da tuni ta kai ni gareji ta huta.

Idon Inna ya fara dushewa a hankali. Likita ya ce jijiyar idon ce ta taɓu, ba irin yanar da ake cirewa ba ce. Ta kai ga haske da launi kawai take gani, rubutu kuwa ko fuskar mutum sai dai ta ƙaddara. Ba ta yi ƙorafi ba, don ba halinta ba ne. Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi, hirarta da ƙanwarta da ke aure a Zungur, wadda muke kira Yafendo. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Kullum bayan la'asar sai ɗaya ta kira ɗaya, a yi ta hirar akuyar da ta haihu da tsadar gero a kasuwar Muda Lawal da wanda ya rasu da wanda ya yi aure. In suka zo kan maganar da ba sa so in ji sai su juya harshe zuwa Fulatanci, suna ƙyalƙyala dariya kamar 'yammata.

Da ta daina ganin lambobi sai na ɗauko wata tsohuwar wayata. Mummuna ce, ba ƙarya, mai kauri, bayanta ya goge. Amma da farce ake buɗe murfinta, batirinta yana fita, cikinta da noti aka ɗaure shi ba da gam ba. Abin da ya fi komai kuma, masu ƙera ta sun bar ƙofa a buɗe, mai ita yana iya cire manhajar da ta zo da ita ya zuba wadda yake so. Akwai wasu bayin Allah a intanet, ban taɓa ganin ko ɗayansu ba, da suka rubuta mata wata manhaja suka saki kyauta, kowa ya duba cikinta ya gyara yadda ya ga dama. Ita na zuba, na share duk wani tarkace, na bar fuskar wayar da launi uku manya-manya. Kore Yafendo, ja ni, rawaya babban yayanmu. In kira ya shigo muryata ce take faɗa mata mai kiran, ita kuma sai ta danna maɓallin gefe, wanda na liƙa wa ƙwayar carbi don yatsanta ya riƙa samunsa. Na ajiye mata wani batir a gwangwanin alewa, in an daɗe ba a kawo wuta ba da kanta take canzawa, da lalube. Sau ɗaya wayar ta faɗa bokitin wanki. Na kwance ta, na shanya a rana, na sayo sifika a kasuwar Wunti na sa, kafin la'asar ta dawo aiki. Inna ta sa mata suna 'yar Auta.

Sai maganar Yaya. Shi ne ɗan farin Inna, yana aiki a Abuja. Ba mugu ba ne, ba kuma marowaci ba, wannan dole in faɗa. Ciwonsa ɗaya, a wurinsa duk abin da ya fi tsada shi ya fi kyau. Inna kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama hira da shi, in ya durƙusa ya gaishe ta sai ta amsa a taƙaice tana duban bango. In tana da magana da shi, ko yana zaune a ɗakin, ni take juyowa ta ce, ki gaya wa wancan kaza. Abin da ya kawo mata kuma, ko guba ne, ba za ta buɗe baki ta ce ba ta so ba.

Ya zo hutun ƙaramar Sallah ya ga 'yar Auta a hannunta, da ƙwayar carbi da salatif a gefe. Ya ce wannan ai abin kunya ne, mutane su shigo su ga mahaifiyarsa da wannan gwangwanin. Na yi masa bayani, ya yi ta gyaɗa kai, na zaci ya ji. Ashe jira yake in koma aiki. Ranar da na koma ya karɓi wayar ya tafi Wunti, ya yi musanya, ya cika kuɗi, ya dawo da farin kwali. Na shigo gida na tarar da Inna zaune a kan darduma, ta shimfiɗa ɗankwali a cinya ta ɗora sabuwar a kai, ta riƙe ta da hannu biyu kamar an ba ta ajiyar jaririn maƙwabta.

Na tambaye shi ina tsohuwar. Ya ce ya bar musu ita, me za a yi da ita.

"Auta, wannan ita ake yayi yanzu," in ji shi. "Zan riƙa kiranta ta bidiyo in ga fuskarta, ita ma ta ga jikokinta."

Na ce, "Da wane idon za ta gan su, Yaya?"

Inna ta yi gyaran murya. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Auta, ki yi wa mutane godiya."

Mutane ɗin shi ne. Na haɗiye abin da ke bakina, na yi godiyar, amma Allah ya sani ba ta kai zuci ba.

Washegari da sassafe na dira a shagon da ya yi musanyar. Mai shagon wani Inyamuri ne da ya daɗe a Bauchi, ya san ni don a wurinsa nake sayen kayan gyara. Yana ganin fuskata ya gane abin da ya kawo ni. Ya ce, "Hajiya ƙarami, ka yi haƙuri, wayan nan mun riga mun buɗe shi. Gilashi ya shiga wani waya, batir ya shiga wani. Da na san naka ne, ba zan taɓa ba." Ya taya ni cigiyar irinta a shagunan layin, muka zagaya har ƙafata ta gaji. An daina yin ta. Waɗanda muka samu duk matattu ne, an riga an cinye kayan cikinsu.

Na ce ba komai, ai aikina yana nan a kwamfutata, waya ce kawai zan zuba wa. A nan na fara sanin abin da Yaya ya sayo. Sumul take kamar sabulu, babu noti ko ɗaya, batirin an liƙe shi a ciki, babu wurin memori, babu ramin da ake sa abin jin sauti na kunne. Na haɗa ta da kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba. Ƙofar da nake bi in canza manhaja an garƙame ta, kuma mabuɗin yana hannun kamfani. Na nemi ofishin da ke kula da wayoyinsu, na sami wani saurayi da riga mai tambari da murmushin da aka koya masa. Ya ce kamfani ba ya ba da wannan mabuɗin, an yi haka ne don kare lafiyar wayar. Na ce a kare ta daga wa, daga mai ita? Ya ce in an buɗe garanti ya faɗi. Na ce na yafe garantin, ya kawo takarda in sa hannu. Ya ce ko na yafe babu hanya. Na tsaya ina kallonsa, na kuma san ba laifinsa ba ne, abin da aka ba shi ya haddace yake karanta mini. Ka sayi abu da guminka, a ba ka rasit, sannan a ce maka akwai ɗakin da ba ka da izinin shiga a cikinsa. Ban taɓa jin an raina mini hankali irin na ranar ba.

Duk da haka ban zauna ba. Na rubuta ɗan ƙaramin shiri mai launuka ukun nan na sa mata. Ya yi kwana biyu yana aiki, sai wayar ta riƙa kashe shi da kanta, wai tana tattalin caji. Na nemi in mayar da maɓallin gefe ya zama na amsa kira, ta ce wannan ba hurumina ba ne. Akwai tsarin da waya ke amsa kira da kanta, amma a tasu sai an haɗa abin kunne, ga shi sun toshe ramin. Na kunna muryar da ke karanta wa marasa gani abin da ke fuskar waya, sai ga Turanci yana zuba kamar an buɗe famfo. Inna ta ce in fitar mata da Baturiyar nan daga ɗaki. Abin da kawai na ci nasara a kai shi ne muryata, na sa ta zama ƙarar kira, in Yafendo ta kira sai wayar ta ce, Inna, Yafendo ce. Amma amsawa sai an ja yatsa a kan gilashi zuwa wani gefe, gefen da ido ne kaɗai ke gane shi. In ka ja ta ɗaya gefen ka kashe kiran. In ka ja daga ƙasa kuma sai wasu saƙonni su fito da kamfani ya riga ya rubuta, kana taɓa ɗaya ya tafi wurin mai kiran da sunanka. Na ga haɗarin wannan tun farko. Na nemi in cire shi gaba ɗaya, babu dama. Sai na goge kalmominsu na rubuta nawa da Hausa: Inna ta kasa ɗauka, ku kira Auta.

Na san abin da mai karatu zai ce, me ya hana a saya mata 'yar ƙarama mai madannai a huta? Na saya. Har layi na biyu na yanka don ita da Yafendo kawai. Inna ta juya ta a hannu, ta shafa madannan, na ga yatsunta sun ji daɗi. Sannan ta miƙo mini ta ce, "Ɗa ya kawo miki abu, ki ture ki ɗauki wani a bayan idonsa, me kika ce masa ke nan?" Ta sa na buɗe adakarta, ta cusa wayar a ƙarƙashin zannuwa, ta ce kar in sake tayar da maganar. Na kira Yaya na roƙe shi ya gaya mata da bakinsa cewa ba zai ji haushi ba. Ya yi dariya ya ce za ta saba, ni dai kishi nake yi an raba ni da abin wasana. Kowace Juma'a yana kira ta bidiyo, ni nake amsawa in riƙe mata, ita tana duban bango tana cewa lafiya lau, shi kuma ya kashe yana murna wayarsa tana aiki.

Haka matar da ke kiran 'yar'uwarta da kanta ta koma jiran sai na dawo daga aiki. Hirar la'asar ta koma ta bayan magariba, ta kuma gajarce, don Inna ba ta son ta ga ta tsare ni. Da damina ta kankama Yafendo ta kwanta rashin lafiya, ciwon ƙirji. Muka je Zungur muka duba ta, muka tarar ta ɗan ji sauƙi har tana tsokanar Inna wai ta zama 'yar gayu mai wayar gilashi. Muka dawo da niyyar komawa ƙarshen mako.

Ranar da abin ya faru ina wurin aiki, wayata tana kan tebur a gabana tun azahar, ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba. Maƙwabtanmu sun tafi suna, gidan babu kowa sai Inna. Na dawo dab da magariba na same ta a tsakar gida, ba a ɗaki ba, zaune a bakin rijiya, ɗankwalinta ya zame, wayar tana hannunta. Gilashin duk ya yi dabbare-dabbare da shatin yatsu.

"Ta kira," ta ce. "Muryarki tana ta ce mini Yafendo ce. Na shafa nan, na shafa can, sai ta yi shiru. Na yi ta kiran maƙwabta ta katanga, babu kowa. Kira mini ita, jikina bai ba ni ba."

Na kira. 'Yar Yafendo ce ta ɗauka, kafin ta yi magana na ji salati da koke-koke a bayanta. Ta ce yanzun nan ta cika, ko rufe ta ba a gama yi ba. Ban san yadda na faɗa wa Inna ba, ina jin tun kafin in faɗa ta riga ta gane. Ta yi ta maimaita innalillahi, ba ta yi kuka mai sauti ba, ta ce in ɗebo mata ruwan alwala.

Sai da ta tayar da salla na duba wayar da kyau. A jerin saƙonnin da suka fita na ga ɗaya zuwa lambar Yafendo, da Turanci, ma'anarsa ina wani aiki yanzu, zan kira anjima. Ba kalmomina ba ne. Na shiga inda na rubuta nawa na tarar babu su. Ashe cikin 'yan kwanakin nan wayar ta sabunta kanta, abin da na sha hana ta tana ɗagawa kawai zuwa wani lokaci, kuma da ta gama sai ta share abin da na rubuta ta mayar da na kamfani. Ba ta tambaye ni ba, ba ta sanar da ni ba. Na tsaya a tsakar gida, saura kaɗan in jefa ta rijiya. Abin da ya hana ni kawai shi ne layin Inna yana ciki, kuma masu ta'aziyya za su kira. Na ƙudura a raina ba zan gaya mata ba.

Da safe muka tafi Zungur. Bayan an kai Yafendo makwancinta, muna zaune a ɗaki cikin mata, 'yar Yafendo ta matso ta riƙe hannun Inna. Ita a ganinta lallashi take yi.

"Inna babba, har ƙarshe ke take nema. Ita ta ce a kira ki. Da saƙonki ya shigo na karanta mata, na ce kin ce kina wani aiki za ki kira anjima. Na ce bari in kira Auta, ta ce a'a, ku bar ta ta gama, kar ku dame ta. Ta sa na ajiye wayar a kan filo kusa da kunnenta."

Inna ta ce, "Wane saƙo?"

Aka juyo ana kallona. Dole na yi bayani a gaban mutane, cewa cikin shafe-shafen da ta yi yatsanta ya taɓa wani rubutu da masu wayar suka ajiye, ya tafi da sunanta. Wata tsohuwa ta tambaya, to wa ya rubuta? Na ce wani ne a wata ƙasa, bai san Inna ba, bai san Yafendo ba. Inna ta zare hannunta a hankali ta ɗauki carbinta.

Wannan shi ne abin da ke ci mini rai har yau. Da wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta yi shiru, da sun kira ni. Da ta tura abin da na rubuta, da sun kira ni. Daga wurin aikina zuwa gida ɗan acaɓa ba ya ko gumi. Da na zo na danna, da sun yi sallama da juna, ko da kalma biyu ce ta Fulatancin da ba na ji. Na san ajali ba ya jiran waya, ban kuma ce waya ce ta kashe Yafendo ba. Amma ta tafi tana zaton yayarta ta ji kiranta ta ce tana da abin yi.

Yaya ya iso Zungur ranar sadakar uku. Na tare shi tun a zaure, ban ko bari ya cire takalmi ba, na miƙa masa wayar na ce ya karanta. Ya karanta, na gaya masa sauran. Ya nemi turmi ya zauna a kai. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, ai ba shi ya rubuta ba. Na ce na sani, ba shi ba ne, ba ita ba ce, ba ni ba ce, shi dai ya ɗauko baƙo ya ajiye a cinyar Inna, baƙon da ba ya jin maganar kowa a gidan. Na faɗa masa maganganu da yawa ranar, waɗanda ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta.

Ya shiga gaishe ta, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Ni ina tsaye a bayansa ina jiran ta juyo gare ni ta ce ki gaya wa wancan. Ba ta juyo gare ni ba. Ta juya fuskarta sosai zuwa inda muryarsa take, abin da ban taɓa gani ba tunda aka haife ni.

"Kai," ta ce, "ka ɗauki wayar mutane ka mayar musu. Ni ban taɓa ce wa 'yar'uwata ina aiki ba."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Yaya ya sunkuyar da kai, babban mutum da furfura a gemu, hawaye yana ɗiga a kan tabarma. Matan da ke ɗakin duk suka kawar da kai.

Da muka dawo Bauchi ita da kanta ta laluba adaka ta fito da 'yar ƙaramar nan mai madannai. Bayan wasu watanni mai shagon nan na Wunti ya aiko mini cewa ya samo irin tsohuwar, gilashinta a fashe amma cikinta da rai. Yaya ne ya riƙa bin sa da waya har aka samu, daga baya na ji. Na gyara ta, na zuba aikina, na liƙa wata ƙwayar carbin. Da na zo kan launuka na tambayi Inna ko in sa 'yar Yafendo a kore. Ta ce in sa ta a wani launin, koren in bar shi yadda yake. Yana nan har yanzu, babu lamba a bayansa.

Fushina da Yaya ya huce tuntuni, ya biya da abin da ya fi kuɗi. Kunyar Inna ma na daina jin haushinta, haka aka rene ta. Wanda bai huce ba shi ne na masu ƙera waya su riƙe mabuɗi. In an zo ana nuna mini sabuwa, ana cewa dubi sirantarta, dubi kyamara, ni ba nan nake dubawa ba. Juya ta nake yi in nemi noti. Ina tambaya ko batirin yana fita, ko in abu ya lalace mai gyara a Wunti zai iya canza shi ba sai an jefar da ita duka ba. Ina tambaya ko zan iya cire abin da suka zuba in zuba nawa, ko da sun ce garanti ya faɗi, na ji na yarda. Ina son maɓalli na gaske da yatsa ke ji, wanda ni zan ce masa ga aikinka. Su sa tsaronsu, ban ƙi ba, amma mabuɗin ya zama a hannun wanda ya saya. Ɗalibaina suna cewa waɗannan buƙatun masu kwance-kwance ne irina, mutane na gari ba ruwansu. Nakan ce musu Inna ba ta taɓa riƙe sukurudireba ba, amma ƙofar da aka bar mini a buɗe ita ta ba ta hirar la'asar, kuma da aka rufe ta ita aka cuta, ba ni ba. Babu kamfanin da zai zauna ya yi tunanin tsohuwa mai dushewar ido a Fadaman Mada da ƙanwarta a Zungur. Ban ma nemi su yi ba. Su dai bar wa 'yarta hanya ta yi da kanta.

Abin da ranar ta koya mini ke nan. Kafin ka sa wa wani naka waya a hannu, kar ka tambayi nawa take ko me ta iya. Ka tambaya, in na ce mata bari, za ta bari? In na ce mata ga abin da za ki faɗa, za ta tsaya a kai? In amsar a'a ce, to ba taka ba ce, ko da rasit ɗin yana aljihunka. Ta wani ce ka ajiye masa a gidanka, kuma wata rana za ta yi magana da bakinka a lokacin da ba za ka sami damar cewa ba kai ba ne.